Tattakin rukuni, shirin waya ko Zumba: wanne ya fi wa maijego 'yar Latino bayan arba'in?

Matar ƙanina 'yar Meziko ce, iyayenta daga jihar Sonora suka zo amma ita a nan Phoenix ta jihar Arizona a Amurka ta tashi, kuma da ta haifi ɗanta na biyu ni ce na tattara na koma gidansu na ɗan lokaci tunda Hajiyarmu na gida ba halin zuwa. Yaron na da wata uku da 'yan kwanaki, wata safiya ta hau sikeli ina tsaye ina ninke kayan jariri, ta sauko bata ce uffan ba ta je ta zauna bakin gado ta zuba tagumi. Kilo tara ne a kanta sama da yadda take kafin ta ɗauki cikin, kuma ta ce min ko na cikin fari bai gama sauka ba wannan ya zo ya hau kai. Can ta ɗago ta ce cuñada, haka take kirana, ma'ana 'yar'uwar miji, wai ya zan yi ne kowa da abin da yake faɗa min. Ƙawarta ta ce ta zo su shiga Zumba, wata rawar motsa jiki, ma'aikaciyar ofishin WIC, shirin gwamnati na tallafin abinci ga mata da yara, ta ce ta fara lura da abin da take ci tana rubutawa a waya, wata mata kuma da ke zagaya unguwa daga cibiyar lafiya ta ce akwai rukunin masu jego da ke fita tattaki da sassafe ta zo ta shiga. Hanya uku kenan a gabanta, ga jariri a hannu ga yayarsa 'yar shekara biyu da rabi ga aikin rabin rana da ta koma.

Abin da muka zauna muka yi ta aunawa ni da ita shi zan baje a nan, don 'yan'uwanmu da ke zaune cikin mutanen nan ba kaɗan bane, ƙidayar 2020 ta nuna 'yan Latino, wato masu asalin ƙasashen Latin Amurka irin su Meziko, sun haura miliyan 62 a Amurka, wasu maƙwabtanmu ne wasu abokan aiki wasu kuma mun haɗa zuri'a da su kamar mu. Kuma dan Allah kar a ɗauka maganar gayu ce ko ta shiga tsohuwar riga. Ita amaryar tamu ta yi ciwon suga na lokacin ciki, wanda ya fi kama matan Latino fiye da farar fatar ƙasar, kuma mace in ta yi shi ko ya tafi bayan haihuwa tana cikin haɗarin ya dawo mata na dindindin nan da wasu shekaru. Shi yasa likitoci ke cewa a sake yin gwajin suga tsakanin sati 4 zuwa 12 da haihuwa, irin wanda ake baki ruwan zaƙi ki shanye a ɗebi jini, sannan a ci gaba da dubawa duk shekara ɗaya zuwa uku. Akwai wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 kan mutanen da ke dab da kamuwa da suga, waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a sati haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kinga mai kilo 80 kilo biyar da rabi ake magana, ba wai ta koma kamar budurwa ba.

Kafin a zo kan hanyoyin ukun sai an fahimci jegonsu tukunna, don duk wanda ya tsallake wannan shawarar banza zai bayar. Suna da abin da suke kira la cuarentena, kwana arba'in cif kamar namu, ranar da na fara gani sai da na riƙe baki. Mahaifiyarta ta tare a gidan, ba fita, ba ɗaukar abu mai nauyi, ba shan ruwan sanyi, safa a ƙafa ko da ana zafi don wai jikin maijego a buɗe yake iska na shiga, miji ya yi nesa da shimfiɗa, ga wani ɗamara da suke ɗaure ciki dashi sunanshi faja. Abinci kuwa farfesun kaza ne safe da yamma da wani kunun masara mai kauri da madara da suga da kirfa da suke ce wa atole, wai yana kawo ruwan nono, na ce mata Mama ai mu ma haka kunun kanwa yake a wurinmu da gasasshen nama da yaji, ta yi ta murna ta ce ashe ku ma kun san mutunci. Ni ra'ayina a nan a fili yake, bana goyon bayan a yaƙi arba'in ɗin nan. Hutu ne da mace ke buƙata, kuma a ƙasar da ake sallamarki daga asibiti bayan kwana biyu ki koma gida ke kaɗai, wadda ta samu uwa a kanta ta gode Allah. Matsalar a kwana na arba'in da ɗaya take. Masu taimako duk sun watse kowa ya koma harkarshi, amma atole bai watse ba, cin jegon ya zauna daram, shikenan sai a wayi gari wata shida mace na ci kamar ranar suna kuma babu mai riƙe mata ɗa na minti talatin. Faja kuma tana tallafe ciki ta sa ki ji daɗin tashi da zama musamman in aiki aka yi miki, amma bata narkar da kitse ko na ƙwayar zarra, na faɗa wa Mama wannan a hankali cikin ladabi kuma bata ji daɗi ba a ranar.

Abin da likitocin mata na Amurka ke cewa kuwa gajere ne. In haihuwa ta zo lafiya ba matsala, za ki iya fara ɗan takawa cikin kwanaki in kin ji jikinki ya yarda, in kuma tiyata ce ko an samu tangarɗa sai likita ya ce toh. Inda ake son a kai shi ne minti 150 a sati, wato kamar rabin awa sau biyar, da saurin da za ki iya hira amma ba za ki iya rera waƙa ba. Ko a gutsuttsura minti goma goma ya halatta.

Toh bari in fara da tattakin rukuni don shi na fi sani, na bi su da ƙafata. Matar da ke jagorantarsu ita ake kira promotora, ba likita bace ba nas bace, 'yar unguwa ce mai jin yarensu da aka ba horo kan harkar lafiya, ta san gidan kowa ta san wadda mijinta ke aikin dare da wadda bata da mota. Ƙarfe biyar da rabi na asuba ake haɗuwa a bakin wani filin shaƙatawa, gari bai gama wayewa ba, mata bakwai wani lokacin tara, kowa da keken jariri an rataya gorar ruwa da ta kwana a firiza, wata ta goyo a ƙirji, ni kuma na goya babbar yarinyar da zani suka yi ta zagaye ni suna kallon yadda na ɗaure. Dole ne a fita da wuri don zafin Phoenix ba wasa bane, a 2023 sai da aka jera kwana 31 zafi na kaiwa digiri 43 ko ya haura, wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya gane me nake nufi, ƙarfe takwas ƙarfen keken ma baya taɓuwa. In zafin ya yi yawa sai su koma cikin babban kanti mai sanyin na'ura su yi ta zagaye kafin masu shaguna su buɗe. Ana tafe ana hira, wannan ta ce nata baya barci waccan ta ce nononta ya tsage, wata ta fashe da kuka a tsakiyar hanya aka tsaya aka rungume ta aka ci gaba. Ranar da amaryarmu ta maƙale ta ce yau kam ba za ta iya ba, ƙarfe shida saura kwata sai ga ƙwanƙwasa ƙofa, mata biyu ne tsaye da kekunansu suna jiranta. Ta saka takalmi.

Wannan ƙwanƙwasa ƙofar ita ce duk darajar hanyar nan, babu wata manhaja da za ta yi miki ita. Ba a biyan ko sisi, ba sai kin nemi mai raino ba tunda da ɗan ake tafiya, kuma yana wanke zuciya, wanda ba ƙaramin abu bane in aka tuna CDC, hukumar kula da cututtuka ta Amurka, ta ce kusan mace 1 cikin 8 na samun alamun ciwon damuwa bayan haihuwa. Amma fa zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi, sikeli baya saurin motsawa da tattaki kaɗai. A nan garin ma an gwada, masu bincike na jami'ar jihar Arizona ƙarƙashin Colleen Keller sun yi wani shiri mai suna Madres para la Salud da masu jego 'yan Latino 139, promotora na jagorantar zama da tattaki na sati 12 sannan aka bibiye su har shekara, matan sun ƙara yawan takunsu amma ta fuskar nauyi da kitsen jiki ba a ga wani bambancin a zo a gani ba tsakaninsu da waɗanda ba a saka a rukunin ba. Wani nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, a 2013 da ya tattaro gwaje-gwaje kan masu jego shi ma abin da ya samu kenan, motsa jiki shi kaɗai bai sauke nauyi sosai ba, gyaran abinci ko gyaran abinci haɗe da motsa jiki ne ya sauke. Lissafin ma ba wuya, rabin awa na tafiya da sauri bai fi ya ƙona kalori ɗari da 'yan kai ba, lemon gwangwani ɗaya kuma kusan 140 ne. Mu da idona na gani, ana gama zagaye sai a biya gidan ɗaya daga cikinsu a sha kofi da wani burodinsu mai zaƙi da ake kira concha, abin da aka zubar a hanya an mayar har da riba. Ban ga laifinsu ba wallahi, zaman nan shi ne kaɗai lokacin da wasunsu ke ganin babban mutum a yini, amma in nauyi ne damuwarki ki san da wannan. Abu na biyu kuma rukuni na da rai ne muddin akwai mai jan ragama, promotora na daina zuwa ko mutum biyu su koma aiki sai ki ga abin ya fara yoyewa, namu daga tara ya dawo huɗu kafin shekara.

Sai shirin waya. Shi wannan a takarda ya fi kowanne nuna sakamako. A Kalifoniya an yi wani gwaji mai suna Fit Moms ko Mamás Activas ƙarƙashin Suzanne Phelan, aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2017, mata 371 masu ƙaramin ƙarfi a ofisoshin WIC guda 12, mafi yawansu 'yan Latino. Aka ba rabi shirin intanet mai darussa da ma'aunin abinci da wurin rubuta nauyi da saƙonnin tes na tunatarwa, sauran kuma suka ci gaba da WIC ɗinsu yadda aka saba. Bayan shekara masu shirin sun sauke kilo 3.2 a matsakaici, sauran 0.9, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shirin sun koma nauyinsu na kafin ciki, a ɗaya ɓangaren ko ɗaya cikin biyar basu kai ba. Kilo uku a shekara wani zai raina, amma ga macen da kowane ciki ke bar mata tsarabar kilo huɗu biyar, wannan shi ne bambancin wadda ke hawa da wadda ta tsaya. Sai dai akwai abin da mutane ke mantawa in suna ba da labarin nan, shirin ba waya zalla bane, duk wata ana haɗuwa ido da ido a ofishin WIC. Wato ko a nan ɗin ma sai da aka sa mutane a ciki.

Ga wanda bai san WIC ba, shirin gwamnati ne tun shekarun 1970 na mata masu ciki da masu jego da yara 'yan ƙasa da shekara biyar a gidajen da samunsu bai taka kara ya karya ba, ana ba da katin sayen madara da ƙwai da wake da kayan lambu, akwai mai ba da shawarar abinci da mai taimakawa kan shayarwa, uwa mai shayarwa tana ciki har shekara ɗaya wadda bata shayarwa wata shida. Ba kowane ofishi ke da shiri irin na gwajin can ba, don haka abin da yawanci mace za ta samu shi ne ta haɗa da kanta, shawarar ma'aikaciyar WIC da wata manhajar rubuta abinci da sikeli a gida. Daɗinshi a bayyane yake, ƙarfe uku na dare kina shayarwa za ki iya dubawa, ba ruwanki da zafin rana ko rashin mota ko canjin lokacin aiki. Wahalarshi kuma sai wadda ta gwada. Manhajojin nan sun fi gane abincin kwali mai lamba a jiki, amma tukunyar pozole, wani farfesunsu na masara da nama, da uwa ta dafa wa mutum goma wa zai ce miki ludayi ɗaya kalori nawa ne, amaryarmu ta yi sati biyu tana fama ta ajiye ta ce kanta ke ciwo. Ga kaɗaici, waya in kin yi shiru ita ma shiru za ta yi, iyakarta ta turo saƙo ki goge. Sannan akwai haɗarin mace ta ga lamba ta rikice ta hana kanta abinci alhali tana shayarwa, mai shayarwa na buƙatar ƙarin kalori wajen 340 zuwa 400 a rana a kan na da, kuma abin da aka gwada aka ga bai taɓa girman jariri ba shi ne sauke kamar rabin kilo a sati, bayan nono ya kankama. Duk mai ce miki kilo goma a wata, ko mai tallan shayin rage tumbi da garin kaɗawa a kofi waɗanda suka cika unguwannin nan, ki rufe kunnenki.

Kuma babbar matsalar shirin waya ba a cikin wayar take ba, a kicin take. Wa ke riƙe da ludayi? A gidan ƙanina Mama ce ke aiko da abinci kusan kullum ko bayan ta koma gidanta, kuma mutanen Sonora tortilla, wato gurasarsu, ta fulawa suke ci, faffaɗa, da kitse ake kwaɓa ta, ga wake da ake dafawa a dagargaza a sake soyawa, ga jug na horchata, wani abin sha na shinkafa, ko na jamaica, wanda ba komai bane illa zoɓonmu sak, an zabga masa suga. In 'yar ta ture faranti sai uwar ta ɓata rai ta ce mija, wato 'yata, kina shayarwa fa, so kike yaron ya rame. A wurinsu kamar a wurinmu ƙin cin abincin uwa ƙin uwar ne. Babu manhajar da za ta shiga tsakanin nan.

Zumba ba zan daɗe a kanta ba. Wani ɗan Kolombiya ne daga birnin Cali, Beto Pérez, ya ƙirƙiro ta, rawa ce da kiɗan da suka tashi da shi, cumbia da salsa da merengue, don haka ga matan Latino ba ta zama kamar aiki sai kamar biki, kuma tana sa gumi fiye da tattaki nesa ba kusa ba. In mace na son ta ji ta dawo mutum ba uwar wani kawai ba, awa ɗayan nan magani ce. Amma tana cin kuɗin wata, wasu wuraren da yarjejeniyar da fita daga cikinta sai an sha wuya, kuma ba a shiga da jariri sai in wurin na da ɗakin raino, cibiyoyin motsa jiki na YMCA da yawa na da shi kuma suna rage kuɗi ga mai ƙaramin samu, wasu majami'u da cibiyoyin unguwa ma na yin aji kyauta ko da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Abin da ya fi damuna da ita tsalle ne. Naman ƙasan mara da ya ɗauki ciki wata tara bai gama komawa ba, likitocin fisiyo da yawa na cewa a bari sai bayan wata uku kafin gudu da tsalle, kuma in kina tari ko atishawa fitsari na ɗiga, ko kina jin nauyi a ƙasa kamar abu zai faɗo, toh ba lokacinta bane, a fara ganin likita a yi atisayen matse mara. Haka in naman ciki ya rabu, ki kwanta rigingine ki ɗan ɗaga kai ki taɓa saman cibiya, in yatsu sama da biyu na nutsewa a tsakani ki nuna wa likita kafin ki fara irin motsin da ke naɗe ciki. Ƙawar nan tata da ta shiga a sati na bakwai da haihuwa sati uku ta yi ta daina, kuɗin kuma suka ci gaba da fita daga katinta.

Toh wanne za a ɗauka? Ni na daina tambayar wanne ya fi kyau, na koma tambayar me wannan matar ta rasa. In abin da ta rasa mutane ne, wadda danginta na can Meziko ko Guatemala ko Honduras bata da kowa a nan sai miji mai fita tun duhu, tana wuni a ɗaki da labule a sake, wannan ko kilo nawa ne a kanta rukuni za ta fara shiga, in kuma kuka ya yi yawa ko barci ya ƙi zuwa ko tana jin bata son ɗan ko tunanin cutar da kanta na zuwa mata, asibiti ne farko kafin komai, yau ba gobe ba. In kuwa mutane sun yi mata yawa ne, gida cike da uwa da inna da suruka kowa na tura mata faranti, ita ba tattaki ne zai fisshe ta ba, gyaran tukunya ne, sai ta bi hanyar WIC da rubuta abinci kuma ta ja mai girkin su je tare. In ta yi suga a ciki kamar tamu, bata da zaɓin ɗaukar ɗaya ta bar ɗaya, ƙafa da faranti duka. In kuma ta koma aiki na tsayuwa, sharar otal ko kicin ɗin gidan abinci ko gona, kar wanda ya zo yana mata wa'azin taku dubu goma, ta riga ta yi su kafin azahar, nata gyaran a abin da take sha da abin da take ci a tsaye yake. Mutane na mantawa dokar hutun haihuwa ta ƙasar ta 1993 sati 12 ne ba albashi, kuma sai wurin aikin na da ma'aikata 50 kin kuma shekara a wurin, mata da yawa a unguwarmu basu cika sharaɗin ba, sati uku huɗu sun koma. Ta fannin inshora dai an samu sauƙi, a da Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, kwana 60 take ɗaukar nauyin maijego, wata dokar 2021 ta ba jihohi damar kaiwa shekara kuma yawancinsu sun kai, don haka a tambaya kar a zauna da ciwo a gida.

Wani abu da na lura kuma, tallafi iri biyu ne, akwai na baki akwai na hannu. Ƙanina na da na baki, kullum sai ya ce mata ai kin yi kyau a haka, ko ya ce ki daure ki fita mana, yana kwance yana danna waya. Ranar na kira shi gefe na ce Auta, kana son matarka ta yi lafiya? Ya ce haba Yaya wace irin tambaya ce wannan. Na ce toh daina ce mata ta fita, tashi za ka yi ka karɓi yaran, Litinin da Laraba da Juma'a daga biyar da rabi zuwa shida da rabi naka ne, kuma katan ɗin lemon da kake shigowa dashi duk sati ka bar shi a kanti. Ya yi shiru ya ce bai taɓa kawo abin a haka ba. Mama kuma ba mu ce mata abincinki ne matsala ba, wa zai faɗi haka ga uwa. Takardar gwajin suga 'yar ta kai mata ta karanta mata da yarensu, ita kanta Maman tana shan maganin suga shekara da shekaru kuma ta ga yadda ya ci ƙafar yayanta, ta riƙe takardar ta daɗe tana kallo. Daga satin nan wake ya fara zuwa a dafe daga tukunya ba a soya ba, tortilla ta koma ƙarama ta masara guda biyu, ta ƙaro nopales, wani fallen tsiro mai ƙaya na hamada da suke kankarewa su yanka su dafa, yana da yauƙi kamar kuɓewa, zoɓon kuma ta rage masa suga rabi. Ba wanda ya auna komai da cokali, ido ba mudu bane amma ya san kima.

Abin da amaryarmu ta tsaya a kai kenan a ƙarshe, tattaki da matan unguwa sau uku a sati, ranar Asabar da Lahadi da yamma su fita da mijin da yaran, ta bar manhajar lissafin kalori amma ta riƙe hawa sikeli sau ɗaya a sati ranar Lahadi da safe tana rubutawa a jikin kalanda, tana kuma zuwa ganin matar WIC duk lokacin da aka sa mata. Zumba sai da yaron ya shiga wata bakwai ta fara, aji ɗaya a sati a cibiyar unguwa na mata zalla, Mama ke zama da yaran. Watan farko sikeli ko gezau, ta kira ni a waya tana cewa ba amfani, na ce ki ba shi wata biyu. Lokacin da yaron ya cika shekara kilo shida sun tafi uku sun rage, gwajin sugarta ya fito lafiya, likita ya rubuta mata ta dawo a sake dubawa baɗi. Cikin matan huɗun da suka rage a rukunin yanzu ita ce ke riƙe da lambobin kowa, kuma akwai wata yarinya 'yar Guatemala a benen bayansu da ta fita arba'in satin da ya wuce, jibi Laraba za su biya mata da asuba.